Au: Ƙauyen Gishirin da Ba Shi da Gishiri

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare

A allonmu na wannan makon za mu leƙa ƙasar Jamus, mu ga wani ɗan ƙauye mai suna Au. Ana karanta sunan kamar "Awu", kuma ma'anarsa a Jamusanci fadama, wato fili mai damshi a bakin kogi. Ƙauyen yana kudancin Jamus, a jihar Bavariya, a gindin tudun da garin Traunstein yake kai, kusa da manyan duwatsun nan na Alps. Shekara 293 mutanen Au suka yi suna dafa gishiri, da shi suka ci, da shi suka sha. Amma ko ƙwayar gishiri ɗaya babu a ƙarƙashin ƙasarsu. Daga wani gari ake turo musu shi, tafiyar kilomita 31, kuma sai ya haye duwatsu kafin ya iso.

Kafin mu je ga yadda aka yi haka, sai mun san darajar gishiri a wancan zamani. Yau da ɗan canjin da ke aljihunka za ka sayi ƙulli a shagon unguwa. A da kuwa babu firji, ga shi hunturunsu yana ɗaukar watanni, ƙanƙara ta rufe gonaki, ba abin da ke tsirowa. Duk gidan da ke son ya kai bazara da abinci dole ya barbaɗe nama da kifi da kabeji da gishiri ya ajiye. Cuku yana buƙatarsa, shanu ma suna lasa. Shi ya sa Jamusawa suka yi masa laƙabi da farin zinariya. Ko birnin Munich, hedikwatar Bavariya, tarihinsa ya fara ne a 1158 daga wata gada da ake karɓar haraji a hannun fataken gishiri.

Gishirin Bavariya daga wani gari mai suna Reichenhall yake fitowa. Kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce, in ji masana kimiyyar ƙasa, akwai teku a wurin. Tekun ya ƙafe ya bar gishiri, daga baya duwatsu suka binne shi. Idan ruwan sama ya nutse cikin dutsen sai ya narkar da gishirin, ya ɓuɓɓugo a Reichenhall a matsayin ruwan zartsi. Sama da shekara dubu mutanen garin suna ɗibar wannan ruwa.

To, yaya za a raba gishirin da ruwan? A Bilma ta Jamhuriyar Nijar abin da sauƙi: a bar ruwan a rami, rana ta shanye shi, gishiri ya rage. A gindin Alps babu irin wannan rana, ruwan sama ma ya yi yawa. Saboda haka sai an dafa, kamar yadda matan Keana a jihar Nasarawa suke dafa nasu. Malamin kimiyya ya koya mana cewa lita ɗaya ta ruwa ba ta iya narkar da abin da ya wuce kimanin giram 360 na gishiri. Ke nan ko da ruwan ya ƙoshi da gishiri iyakar ƙoshi, kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne zalla, kuma duk sai wuta ta mayar da shi tururi. Wanda ya taɓa jiran tukunyar ruwa ta ƙone ƙurmus a kan murhu ya san itacen da hakan ke ci. Yanzu ku ƙiyasta kaskon ƙarfe mai faɗin ɗaki guda, wuta na ci a ƙarƙashinsa dare da rana.

Nan matsalar take. A 1613, ana cikin gyaran rijiyar Reichenhall, sai aka ci karo da sabon idon ruwa mai gishiri sosai. Abin murna ne, amma babu itacen da za a dafa shi. Dazuzzukan da ke kusa sun riga sun sha sara, kuma yawancin itacen da garin ke ƙonawa daga yankin Salzburg yake zuwa, wanda wata masarauta ce daban, yanzu tana cikin Ostiriya. A lokacin Jamus ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce, masarautu ne birjik, kowa da iyakarsa. Mai mulkin Bavariya, Maximilian na ɗaya, gishiri yana cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmalinsa. Barin ruwan ya kwarare a banza daidai yake da zubar da kuɗi a kogi.

Akwai daji mai yawa a wajejen Traunstein, cikin ƙasar Bavariya. Sai dai ɗauko itace mai yawan haka a kan keken doki, a haye duwatsu da shi kullum, aiki ne da ba zai biya ba. Sai aka juya tunanin: tunda itace ba zai zo wurin ruwa ba, a kai ruwan wurin itace.

Aka ɗora aikin a kan wani babban magini na fada, Hanns Reiffenstuel, da ɗansa Simon. Sun fara a 1617, suka gama a 1619. A ganina wannan ne wurin da ya fi ban mamaki a duk labarin, domin babu lantarki, babu injin fetur, babu bututun roba. Da gungumen itace suka yi bututunsu. Za a sare itace miƙaƙƙe, a yanka shi tsawon kimanin mita 4, a sa wani dogon ƙarfe mai murɗiya a huda cikinsa daga wannan baki zuwa wancan. Idan hannun mai huɗar ya ɗan karkace, ramin ya ɓulla ta gefe, gungumen ya lalace. Sai a haɗa bakin wannan da na wancan da zoben ƙarfe. Irin waɗannan gungume fiye da 8,000 aka jera, akasari a binne cikin ƙasa. Wani abin sa'a, gishirin da ke bi ta ciki yana hana katakon saurin ruɓewa, kuma ruwan zartsi ba ya daskarewa da wuri kamar ruwan sha.

Huda katako ba shi ne babban ƙalubalen ba. Kowa ya san ruwa gangare yake bi, ga shi tsakanin garuruwan biyu akwai hawa na sama da mita 200. Abin da Reiffenstuel da ɗansa suka yi shi ne, suka gina gidajen famfo guda 7 a kan hanya. A kowane gida akwai wani ƙaton wili na katako mai tsayin mita 7. Ana janyo ruwan ƙorama daga kan dutse ya riƙa zuba a kan wilin, nauyin ruwan ya juya shi, wilin kuma ya riƙa motsa famfunan tagulla, sama da ƙasa, kamar yadda muke yi da famfon tuƙa-tuƙa, sai dai nan ba hannun mutum. Famfon ya tura ruwan gishirin cikin bututun dalma zuwa wani tanki a can sama. Daga tankin ya gangara a hankali cikin bututun katako har gidan famfo na gaba, a sake ɗaga shi. Haka ya riƙa hawa mataki-mataki kamar mai hawa bene, har ya kai tudun da ke kusa da ƙauyen Inzell. Daga nan kuma gangare ne, ya bi ta Siegsdorf ya sauka Au da kansa. Ku duba fa, ruwan daɗi ne yake ɗaga ruwan gishiri.

Kowane gidan famfo yana da mai kula da shi, yana zaune a nan da iyalinsa. Aikinsa ya bi bututun da ƙafa yana neman inda yake yoyo, in hunturu ya zo kuma ya fasa ƙanƙarar da ke neman tsayar da wilin. Idan famfo ɗaya ya tsaya, duk kaskon Au sun tsaya.

Mutanen yankin suna alfahari da cewa wannan ne bututu na farko a duniya. Gaskiya akwai wanda ya riga shi, domin a Ostiriya an kammala wani a 1607 daga Hallstatt zuwa Ebensee. Amma wancan gangare kawai yake bi. Na Bavariya shi ne wanda aka sa wa famfo ya hau dutse, kuma ni dai a nan na ga cancantar yabon.

Ranar 5 ga Agusta, 1619 aka fara dafa gishiri a Au. A fadamar aka gina ɗakunan dahuwa guda 4, aka sa musu sunayen 'yan gidan sarauta: Wilhelm, Maximilian, Ferdinand da Albrecht. Aka gina ɗakunan busarwa, da rumbuna, da maƙera, da gidajen ma'aikata. Tsakanin 1630 da 1631, duk da ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin da ya ɗaiɗaita Jamus, aka gina musu cocinsu na kansu, mai ɗauke da sunan Rupert, wani limamin Kirista na Salzburg da masu aikin gishiri suke girmamawa. A zane-zane ma riƙe da gangar gishiri ake nuna shi.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Idan ruwan ya tafasa gishiri ya fara kwanciya, sai a sa dogayen sanduna masu faffaɗan baki a janyo shi gefen kasko, cikin zafi da tururi. Sai a danna shi cikin wani mazubi na katako mai tsukakken kai, a kife, ya fito a dunƙule. Duk wanda ya taɓa ganin kantun gishirin Bilma a kasuwa ya san siffar, sai dai nasu yakan kai nauyin buhun siminti. A kai shi ɗakin busarwa ya yi tauri, sannan a farfasa a zuba a ganga. Saboda haka ƙauyen ya cika da masu sana'a iri-iri: masu hura wuta, masu dako, masu haɗa ganga, da maƙeran da kullum suke cikin facin kasko, domin gishiri da wuta suna cin ƙarfe.

Au tana manne da Traunstein, amma ba a ƙarƙashin hukumar garin take ba. Tana da nata shugaban, wato babban jami'in gishiri da fada ke naɗawa, shi ke kula da aiki, shi ke yanke hukunci. Gidan da ma'aikaci ke kwana na masana'antar ne, albashinsa ma daga can. Wannan yana da daɗi muddin wuta na ci a ƙarƙashin kasko.

Itacen fa, wanda dominsa aka yi duk wannan wahala? Shi ma ruwa ne ke kawo shi. Masu saran itace sukan kwana mako guda a daji cikin bukkar ɓawon itace, suna sara suna tarawa a bakin ƙorama. An yi ƙananan madatsun ruwa na katako a kan duwatsu. Idan ƙanƙara ta narke ruwa ya taru, sai a buɗe madatsar gaba ɗaya, ambaliyar ta kwashi guntayen itacen ta zuba su a kogin Traun. A Traunstein an gitta wani shinge a kogin mai haƙora kamar manjagara, ruwa ya wuce, itace ya maƙale, a tsamo. Aiki ne mai haɗari, ya ci rayuka.

Wannan hanya ta sauya har kamannin dajin. Akwai wata bishiya mai tsini da ganye kamar allura, Jamusawa na kiranta Fichte. Ba ta da nauyi, tana yawo a kan ruwa, wutarta kuma ba ta ƙona gindin kasko. Wata kuma mai faffaɗan ganye, Buche, tana da nauyi, takan nutse. Sai aka riƙa fifita ta farko ana rage ta biyu, shi ya sa har yau Fichte ta yi yawa a dazuzzukan yankin. Jami'an gishiri kuma suka riƙa ƙidaya dajin suna tsara inda za a sara bana da inda za a bari ya farfaɗo, saboda sun ga abin da ya faru a Reichenhall. Ba don son bishiya suka yi ba, don gishiri ne, amma dai dajin ya tsira.

Wajen 1786 aka maye gurbin tsofaffin ɗakunan dahuwar da wani babban gini guda mai cin itace kaɗan. A 1810 wani injiniya, Georg von Reichenbach, ya ƙirƙiro sababbin famfuna masu ƙarfi, aka ja reshen bututun har garin Rosenheim.

Abin da ya kashe sana'ar Au shi ne dalilin kafa ta ya gushe. Layin dogo ya iso yankin, jirgin ƙasa ya fara kawo kwal, wanda ya fi itace zafi da araha. Tunda ana iya kai makamashi ko'ina, me zai sa a ci gaba da turo ruwa ta kan dutse zuwa wurin daji? Ga shi a wasu sassan Jamus an haƙa manyan ramuka ana fasa gishirin dutse kai tsaye, farashi ya faɗi. A 1912 aka kashe wutar kaskon Au. A 1914 aka haɗe ƙauyen da Traunstein, ya zama unguwa kawai. A 1924 aka rushe babban ɗakin dahuwar, filinsa yanzu wurin ajiye motoci ne. Reshen Rosenheim ya ci gaba da aiki har 1958.

Wanda ya je Au yau zai tarar da cocin nan yana tsaye, da wasu dogayen gidajen ma'aikatan, masu ɗauke da sunayen nan na 'yan sarauta. A 2019, da aka cika shekara 400, an buɗe wani lambu a wurin, aka kafa kwafin ƙaton wilin Reiffenstuel don yara su ga yadda yake juyawa. Reichenhall kuwa, inda ruwan yake ɓuɓɓugowa tun farko, har gobe ana yin gishiri a can, kuma ana sayar da shi a shagunan Jamus da sunan Bad Reichenhaller.