Shirin "Question Time" na BBC: Dandalin da Talaka ke Titsiye Shugaba

Gabatarwa

A wannan 'yar maƙala zan yi bayani ne a kan wani daɗaɗɗen shirin muhawara na gidan talabijin na BBC da ke Birtaniya, mai suna "Question Time", wato lokacin tambayoyi. Zan kawo tarihinsa a taƙaice, da yadda ake gudanar da shi, sannan in nuna abin da mu ɗaliban harshe za mu iya tsinta a cikinsa.

Asalin Shirin

An fara nuna shirin a ranar 25 ga Satumba, 1979. Ya samo asali ne daga wani shirin rediyo na BBC mai suna "Any Questions?" wanda aka soma tun 1948. Robin Day ne ya fara jagorantarsa har zuwa 1989, sai Peter Sissons ya karɓa zuwa 1993. Daga 1994 David Dimbleby ya riƙe shi tsawon shekara 25, kafin a miƙa wa Fiona Bruce a watan Janairun 2019.

Yadda Ake Gudanar da Shi

A al'ada daren Alhamis ake nuna shi, kuma yawo ake yi da shi gari-gari. Akan gayyato baƙi, galibi mutum biyar: wakilin jam'iyya mai mulki, da na 'yan hamayya, da wasu kamar ɗan jarida ko marubuci ko ɗan kasuwa. Su kuwa mahalarta, sai mutum ya nemi shiga, a tambaye shi ɓangaren da yake goyon baya, domin kada zauren ya cika da 'yan gida ɗaya. Mahalartan ne ke rubuta tambayoyi, kuma ba a nuna wa baƙin tambayoyin tun da wuri. A ganina nan ne ƙarfin shirin yake, domin ɗan siyasa ba ya samun damar haddace amsa.

Misali, gab da zaɓen 2005 wata mata ta shaida wa Firayim Minista Tony Blair cewa likitan unguwarsu ya ƙi ba ta ranar ganinsa idan ta wuce awa 48 nan gaba. Dalili shi ne gwamnati ta gindaya ƙa'idar a ga maras lafiya cikin awa 48, sai wasu asibitocin suka daina karɓar mai neman rana mai nisa don kada a ce sun gaza. Blair ya nuna mamakinsa a gaban jama'a, abin da ya tabbatar da cewa na ƙasa kan san abin da na sama bai sani ba.

Ce-ce-ku-ce

Shirin bai tsira daga suka ba. Kwana biyu bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wasu mahalarta sun yi wa tsohon jakadan Amurka, Philip Lader, ca, har shugaban BBC na lokacin, Greg Dyke, ya nemi afuwa.

Babbar taƙaddamar ita ce ta ranar 22 ga Oktoba, 2009, da aka gayyaci Nick Griffin, shugaban jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi, bayan ta ci kujeru 2 a Majalisar Tarayyar Turai. Masu zanga-zanga sun taru a ƙofar BBC suna cewa bai kamata a ba shi bakin magana ba. BBC ta kafe cewa tunda jama'a sun zaɓe shi, ba ta da hurumin rufe masa ƙofa. Fiye da mutum miliyan 8 ne suka kalli shirin. Wasu na ganin tambayoyin sun tona masa asiri, wasu kuma na cewa talla aka yi masa kyauta. Ni dai na fi karkata ga a bar mutum ya yi magana, matuƙar akwai mai ja da shi nan take.

Darasi ga Ɗalibin Harshe

Duk wanda ya saurari shirin da kunnen basira zai lura da dabarun kauce wa tambaya. Na farko, a yaba tambayar sannan a amsa wata daban. Na biyu, a ɗora laifi a kan gwamnatin da ta shuɗe. Na uku, a ɓoye mai aikin, kamar yadda a Hausa za a ce "an yi kuskure" maimakon "na yi kuskure". Wannan ƙaramar kalma "an" ta sha fitar da manya kunya. Aikin jagoran shirin shi ne ya maimaita tambayar har sai an amsa, ko kowa ya ga an ƙi amsawa.

Kammalawa

Da yawa daga cikinmu aikin jarida ko fassara ke jiranmu bayan kammala karatu. Don haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara mu ɗauki muhawara guda, mu rubuta tambaya da amsarta, mu gwada fassara su zuwa Hausa ba tare da mun gyara wa mai kewaye-kewaye zancensa ba. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, kuma mai fassarar da ya mayar da "an" ta koma "na" ya sa wa mutum abin da bai faɗa ba.