Makankarin Gurbi: Yadda Ake Ƙera Shi a Gida da Yadda Ake Aiki da Shi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jera littattafai a kan kantar da ke rawa, ko ya yi fama da ƙofar ajin da ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa, ya ga sakamakon kuskuren da sau da yawa bai wuce na milimita ɗaya ko biyu ba. Irin wannan kuskure yakan ɓuya ne a inda ido ba ya kaiwa, wato a ƙasan ramin da kafinta ya sassaƙa domin wani katako ko ƙarfe ya zauna a ciki. Wannan rami shi ake kira gurbi. A wannan babi za a yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin abin aiki da ke daidaita zurfin gurbi, da yadda mutum zai ƙera shi da hannunsa daga guntun katako da tsohon ƙarfe, da kuma darasin da ɗalibi mai koyon aikin malanta zai ɗauka daga gare shi.

2.0 Daga Sassaƙa Zuwa Aikin Kafinta

Sassaƙa tana daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa. Masassaƙi yakan sari gungumen itace guda, ya yi amfani da gatari da gizago ya fitar da turmi ko taɓarya ko akushi ko kujerar mata. Abin lura a nan shi ne, kowanne daga cikin waɗannan kaya daga itace ɗaya yake fitowa, babu haɗi a jikinsa. Saboda haka idon masassaƙi da hannunsa sun ishe shi awo. Idan cikin turmi ya ɗan zarce zurfin da aka yi niyya, ba zai hana shi daka ba.

Aikin kafinta kuwa, wanda ya bunƙasa a ƙasar Hausa bayan zuwan Turawa, ya dogara ne kacokan a kan haɗi. Tebur da benci da kabad da ƙyaure duk falankai ne daban-daban da aka harhaɗa. A nan ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin dole ne gurbi ya yi daidai da abin da zai zauna a cikinsa. Idan wani sashe na ƙasan gurbin ya fi wani tudu, falankin zai dogara a kan tudun kawai, gam ba zai kama sauran wurin ba, kuma ba da daɗewa ba haɗin zai saki.

3.0 Ma'anar Makankarin Gurbi da Yadda Yake Aiki

Sunan wannan abin aiki na Turanci shi ne rawuta ta hannu, domin a bambanta ta da injin rawuta mai aiki da lantarki. A wannan babi an kira shi makankarin gurbi. An samo kalmar makankari daga aikatau kankare, aka ƙara masa ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar yadda aka samu magirbi daga girba, da mabuɗi daga buɗe.

Makankarin gurbi yana da sassa uku: jiki mai shimfiɗaɗɗen tafi, da haƙori na ƙarfe wanda ke leƙowa ta ƙarƙashin tafin, da kuma maɗauri wanda ke riƙe haƙorin. Hikimarsa ita ce, tafin ba ya shiga cikin gurbi. Yana tafiya ne a kan fuskar katako ta gefe da gefen gurbin, haƙori kaɗai ke sauka ciki. Tun da tsawon abin da ya leƙo na haƙorin ba ya canzawa, duk inda ya bi sai ya bar zurfi iri ɗaya. Idan an saita shi a milimita 6, zai ci duk abin da bai kai milimita 6 ba, kuma da ya kai nan sai ya daina ci, ko da an ci gaba da tura shi. Kurfi ba ya iya wannan, domin shi hannun mai riƙe da shi yake bi.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kafintocin Turai sun daɗe suna ƙera wannan abu da kansu daga guntayen katako. A Ingila ana yi wa irin na katako laƙabi da haƙorin tsohuwa, saboda haƙori ɗaya tilo da yake da shi. Wani kafinta na birnin Faris mai suna André Roubo ya kawo zanensa a babban littafinsa na aikin katako, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1769 da 1775. A cikin shekarun 1880 ne kamfanin Stanley na Amurka ya fara sayar da na ƙarfe mai lamba 71, wanda ya zama abin kwaikwayo ga sauran kamfanoni. Da injin lantarki ya yaɗu a ƙarni na 20 sai aka rage amfani da na hannu, amma masu aikin hannu ba su yar da shi ba, domin ba ya buƙatar wuta, ba ya ƙara, kuma ba ya tayar da ƙura.

5.0 Kayan da Ake Buƙata

i. Guntun busasshen katako mai tauri, kamar maɗaci ko ƙirya, mai tsawon santimita 20, faɗin santimita 8, kaurin santimita 4.
ii. Alanki mai kaurin milimita 6 ko 8. Wannan shi ne ƙarfen nan mai gefe shida, lanƙwasasshe kamar harafin L, wanda makanikai da masu gyaran keke ke kwance ƙusa da shi.
iii. Ƙusa mai noti wadda kanta zobe ne, zoben da alanki zai iya shiga, tare da washa.
iv. Abin huda katako, da zarto, da kurfi, da magagari, da dutsen wasa wuƙa, da samfefa, da fensir da abin awo.

Wajibi ne katakon ya bushe sarai. Ɗanyen katako yakan tsuke ya karkace idan iskar hunturu ta buge shi, kuma da zarar tafi ya karkace, aikin makankari ya ɓaci.

6.0 Matakan Ƙerawa

Mataki na ɗaya, daidaita tafi. A shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, a zazzana fensir a duk fuskar da za ta zama tafi, sannan a goga ta a kan samfefar. Duk inda zanen fensir ya rage, kwari ne. A ci gaba da gugar har zanen ya ɓace gaba ɗaya.

Mataki na biyu, huda taga. A huda rami mai faɗin santimita 3 da rabi daga sama har ƙasa, a ɗan matso da shi wajen gefen gaba domin a bar nama mai kauri a baya. Ta wannan taga ce mai aiki zai riƙa ganin bakin haƙori, ta nan kuma dusa za ta riƙa fita.

Mataki na uku, yin mazaunin haƙori. A bangon baya na tagar, a tsaga siririyar hanya mai siffar harafin V daga sama zuwa ƙasa. Dole ne wannan hanya ta miƙe tsaye sak a kan tafi, domin a cikinta doguwar ƙafar alanki za ta jingina.

Mataki na huɗu, sanya maɗauri. A huda rami daga tsakiyar wannan hanya ya ɓulla ta bayan katakon. A ɗan rarake bakinsa ta ciki yadda zoben ƙusa zai nutse. A zura ƙusar daga cikin taga, a sa washa da noti ta baya. Idan an zura alanki cikin zoben aka ɗaure noti, zoben zai jawo shi ya matse a cikin hanyar.

Mataki na biyar, fiƙe haƙori. Wannan ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa. Gajeruwar ƙafar alanki ce za ta zama baki. A goge ƙasanta ya shimfiɗe, amma a ɗan fi cin wajen gwiwa da kimanin digiri 3 zuwa 5, ta yadda idan an tsayar da alankin a kan tebur, bakin ne kaɗai zai taɓa teburin, gwiwar tana ɗage. Daga nan a goge samanta ya gangaro zuwa baki da kimanin digiri 30. Idan a injin masu walda ko wajen maƙeri za a yi gugar, a riƙa tsoma ƙarfen cikin ruwa a kai a kai. Da zarar ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, kuma ba zai riƙe kaifi ba. A ƙarasa wasawa a kan dutse har ya iya feren gefen takarda.

Mataki na shida, gamawa. A kashe kaifin kusurwoyin sama domin kada su ci hannu, a goga kyandir a tafi domin ya yi santsi.

Akwai wata hanya mafi sauƙi ga wanda bai samu alanki ba, wadda kafintan nan na Ingila, Paul Sellers, ya yayata a darussansa na intanet. A huda rami a karkace, da kimanin digiri 45, wanda ya ɗan gaza faɗin kurfi, sannan a buga kurfin a ciki, gangaren bakinsa yana kallon ƙasa. Matsewar ramin ce ke riƙe shi, kuma da ɗan bugun guduma ake ƙara zurfi. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

7.0 Yadda Ake Aiki da Shi

A ɗauki misalin gurbin da falankin kanta zai zauna, a jikin katako mai kaurin milimita 18. Bisa al'ada zurfin gurbi ba ya wuce sulusin kaurin katako, wato milimita 6. Da farko a shata iyakokin gurbin da wuƙa, a yanka bangayensa biyu da zarto, sannan a cire mafi yawan naman da kurfi, a bar kimanin milimita ɗaya ko biyu. Sai a kawo makankari. Kada a saita shi a cikakken zurfi tun farko. A riƙa saukar da haƙori kaɗan-kaɗan, kamar rabin milimita a kowane zagaye. A danne jikin da hannu biyu, a faro daga kowane gefe a nufi tsakiya, domin idan haƙori ya fita ta ƙarshen katako yakan ɓalle gefen. Sannu ba ta hana zuwa.

Haka nan ake amfani da shi wajen daidaita gurbin ƙarfen da ke riƙe ƙyaure, da gurbin makulli, da kuma gefen harshen katako da ake cusawa cikin rami. Idan gurabu da yawa ne, kamar na kabad mai hawa huɗu, a bi su duka da saiti ɗaya na ƙarshe, sai zurfinsu ya zo daidai ba tare da an sake awo ba.

8.0 Matsaloli da Maganinsu

i. Idan haƙori yana zamewa a kan katako ba ya ci, gwiwarsa ce ke taɓa ƙasa. A ƙara goge wajen gwiwar.
ii. Idan yana tsalle yana barin gurzau-gurzau, ko dai an saukar da shi da yawa, ko noti bai ɗauru ba.
iii. Idan yana yaga katako, ya dakushe, ko kuma ana tura shi gaba da jijiyar itace. A wasa shi, a juya ta ɗaya ɓangaren.
iv. Idan zurfi yana bambanta, a duba ko dusa ta shiga ƙarƙashin tafi.

A kullum a ɗaure katakon da ake aiki a kansa, kada a riƙe shi da hannu a gaban haƙori. Wajen guga a inji a kare idanu da tabarau, kuma kada a bar yara su kusanci injin.

9.0 Darasi ga Malami

Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a Nijeriya a 1982, an shigo da injinan koyar da fasaha domin ƙananan makarantun sakandare. A makarantu da dama injinan sun zauna cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da ɗakin aiki da ƙwararrun malamai. Wannan ya nuna cewa malamin da ya dogara ga kayan da za a kawo masa kaɗai yana iya ƙare zango bai koyar da komai a aikace ba. Wanda kuwa ya iya ƙirƙirar kayan koyarwa daga abin da ke kewaye da shi, darasinsa ba ya tsayawa.

Ga malamin Hausa musamman, wannan aiki yana da amfani ta fuska uku. Na ɗaya, yana ba ɗalibai abin da za su rubuta insha'in bayani a kansa bayan sun gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Idan ɗalibi ya tsallake mataki guda a rubutunsa, wanda ya bi bayanin zai kasa ƙera abin, kuma kowa zai ga inda giɓin yake. Na biyu, hanya ce ta koyar da ƙirƙirar kalmomi, da tattara sunayen kayan aiki daga bakin masassaƙa da maƙera da kafintocin gari. Na uku, yana cusa wa yara ganin darajar sana'ar hannu.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa aikin kafinta ya ginu ne a kan haɗi, ingancin haɗi kuma yana ga daidaiton gurbi. An bayyana sassan makankarin gurbi, da matakai shida na ƙera shi, da yadda ake aiki da shi. Abubuwa uku ne ke sa ya yi aiki: tafi ya shimfiɗe, haƙori ya yi kaifi gwiwarsa a ɗage, maɗauri kuma ya riƙe gam. Ana shawartar ɗalibi da ya gwada ƙera nasa kafin ya tafi koyarwar gwaji.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin sassaƙa da aikin kafinta ta fuskar awo.
2. Me ya sa makankarin gurbi yake daina ci idan ya kai zurfin da aka saita?
3. Kawo sunayen kayan aiki guda biyar masu ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, tare da aikatan da aka samo su.
4. Ziyarci wani kafinta ko masassaƙi a garinku, ka rubuta insha'in bayani mai kalmomi 300 a kan ɗaya daga cikin kayan aikinsa.