Kalmomin Turanci Nawa Ɗalibi Ke Bukata Kafin Ya Shiga Jarrabawa?

Yaron da ya tashi a Kusa ko Magama, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, ba baƙon harsuna ba ne. Da Hausa ya buɗe baki, ya yi Larabcin Islamiyya, kunnensa kuma ya saba da Faransancin jami'an ɗaya gefen iyaka, wajen Ɗan Isa kan hanyar Maraɗi. Amma ranar da zai nemi gurbin jami'a, Turanci ne ke tsaye a bakin ƙofa. Dole ya samu aƙalla C6 a WAEC ko NECO. A jarrabawar JAMB, cikin tambayoyi 180 guda 60 na Turanci ne, ko wane fanni mutum zai karanta. Ma'aikaciyar jinya da ke son aiki a Birtaniya kuwa jarrabawar IELTS ke jiranta, ana neman ta kawo maki 7 cikin 9 a karatu da sauraro da magana.

Turanci nake koyarwa a wannan yanki, kuma abin da na ga ya fi kayar da yaranmu shi ne ƙarancin kalmomi, fiye ma da nahawu. Yaro ya iya lissafi, ya fahimci kimiyya idan aka yi masa bayani da Hausa, amma kalma biyu a cikin tambaya su hana shi gane abin da ake nema. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne.

To, nawa ake bukata? Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ya fitar da lissafi a 2006: wanda ke son karanta jarida ko littafin Turanci ba tare da duba ƙamus ba, sai ya san tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da 'ya'yansu. Kada adadin ya tsorata kowa. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su, su ke cike kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutu. Sannan a 2000, Averil Coxhead, ita ma daga wannan jami'a, ta tace littattafan karatun jami'a ta fitar da tushe 570 waɗanda suke cin kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Jerin nata kyauta yake a intanet, ana kiran sa Academic Word List. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya ci rabin yaƙi.

Inda muke kuskure shi ne hanyar. Ana saura wata guda a shiga jarrabawa, sai ka ga ɗalibi ya sayo ƙaramin littafin kalmomi da kishiyoyinsu, yana rera su har tsakar dare. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da aka cusa wa ƙwaƙwalwa lokaci guda yana zubewa cikin 'yan kwanaki, in dai ba a waiwaye shi ba. Mu kuwa ba mu bukatar Bature ya gaya mana. Kowane almajiri ya san allon da aka wanke ba a yi masa tishi ba, karatunsa ya tafi. Gardi ba ya ƙara sabon karatu sai ya bi na baya. Haka kalmar Turanci take.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su yi, bisa tsarin da Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972. A yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana. A gaba a rubuta kalma, a baya ma'anarta da Hausa, da jimlar da aka tsince ta a ciki. Jimlar nan ita ce mafi muhimmanci, don ita ke nuna wa yaro da waɗanne kalmomi take tafiya. A sami gwangwani uku: na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da aka tuna ya ci gaba, wanda aka manta ya koma na farko. Kalma goma a rana ta isa. Akwai manhajar waya mai suna Anki da ke yin wannan aikin, amma mu da muka ga an katse layukan waya a Jibiya a 2021, kuma muka san halin wutar lantarki, mun san darajar kati a aljihu.

Daga ina za a samo kalmomin? Daga karatu. A karanta labari a Aminiya, sannan a nemo shi a Daily Trust. Tun da an riga an san zancen, sababbin kalmomin za su bayyana kansu. Haka za a saurari labaran BBC Hausa, a bi su da na sashen Turanci. WAEC tana tambayar kalmomin sana'o'i irin su noma, kiwo, sufuri da kasuwanci, kuma yaron da ya girma yana kallon manyan motoci da jami'an kwastam ya riga ya san abubuwan, sunansu kawai ya rage masa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da ke zuwa karatu Katsina suna da tasu garaɓasar, don yawancin kalmomin ilimi na Turanci daga Latin da Faransanci aka aro su.

Sai amfani. A IELTS kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutu yana kan yadda mutum ya sarrafa kalmomi, ba yawan manya-manyan da ya jibga ba. Saboda haka kowace sabuwar kalma, ɗalibi ya gina jimlarsa da ita a kan garinsu ko kasuwarsu.

Iyaye, kada ku jira sai yaro ya kai aji shida. Tun yana aji huɗu na sakandare ku saya masa ƙamus, ko da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ne, ku riƙa kawo masa jarida idan kun shiga Katsina, ku kuma tambaye shi gwangwaninsa duk ranar Juma'a.