Yadda Kogin Nam Song Ya Zama Jarin Garin Vang Vieng

A ƙarshen shekarun 1990, wani manomi mai suna Thanongsi Sorangkoun, wanda ke da gona a bakin kogin Nam Song, arewa kaɗan da garin Vang Vieng na ƙasar Laos, ya sayi tub na tayoyin tarakta, wato robar cikin taya da ake hura wa iska, domin matasan ƙasashen waje da ke taya shi aikin gona su riƙa shaƙatawa a kan ruwa in an tashi aiki. Mutum zai hura tub ɗin, ya zauna a tsakiyarsa, ruwa ya ja shi sannu a hankali har cikin gari. Kafin shekara 10 ta kewayo, wannan abin wasa ya zama babbar sana'ar garin, ya azurta ɗaruruwan gidaje, sannan ya kusa jawo wa garin asarar da ba ta da magani.

Laos ƙasa ce da ba ta da bakin teku, wadda ke tsakanin Tailan da Biyetnam da Sin da Kambodiya da Myanmar, kuma yawan jama'arta ya ɗara miliyan 7. Tun 1975 jam'iyyar 'yan gurguzu ke mulkinta, amma daga 1986 ta fara sassauta wa harkokin kasuwanci, daga bisani kuma ta buɗe ƙofarta ga baƙi. Wutar lantarki da take sayar wa maƙwabtanta, da ma'adinai, da yawon buɗe ido, su ne ke cikin manyan hanyoyin da take samun kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje.

Shi kuwa Vang Vieng ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 25,000, wanda ke da nisan kilomita wajen 150 arewa da Vientiane, babban birnin ƙasar, a kan hanya mai lamba 13 da ke zuwa tsohon birnin sarauta na Luang Prabang. A da, abin da aka san shi da shi bai wuce wani filin saukar jiragen sama da Amurkawa suka yi amfani da shi a yaƙin ɓoye da suka yi a ƙasar tsakanin 1964 da 1973 ba, da kuma kasancewarsa zangon da motoci ke yada matafiya su huta. Amma garin yana da abin da kuɗi ba ya ginawa. A yammacin kogin akwai jerin duwatsun farar ƙasa masu tsayi da tsini, cike da koguna na cikin dutse da maɓuɓɓugan ruwa, sannan a ƙarƙashinsu gonakin shinkafa ne shimfiɗe. Wannan shi ne jarin garin, kuma duk wata sana'a da ake yi da baƙi a kansa ta dogara.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin tattalin arziki a farkon wannan harka shi ne yadda mutanen wurin suka tsara ta. Ba su bar kowa ya fito da tub ɗinsa ana karya wa juna farashi ba. Ƙauyuka 10 na kewayen garin suka kafa ƙungiyar gama-kai mai gidaje fiye da 1,500, ana ba da hayar tub daga wuri guda, kowane ƙauye yana karɓar cinikin rana ɗaya bi da bi. A wajen 2011 kuɗin hayar ya kai kimanin dala 7 na Amurka, ban da kuɗin ajiya da ake mayar wa mutum in ya dawo da tub ɗin kafin magariba. Jarin da ake bukata ƙanƙani ne, roba da famfon iska da motar da za ta kai baƙi sama da gari, ribar kuwa tana shiga gidajen manoma kai tsaye. Ba kasafai ake samun harkar yawon buɗe ido da ke raba amfaninta haka ba.

Sai dai ƙungiyar tub kawai take iko da shi, ba ta iko da bakin kogin. A kan wannan ɗan taƙi na kilomita 3 zuwa 4 da baƙi ke bi, sai mashaya suka yi ta tsirowa, ana kafa su da gora da katako a kan gaɓa. Da yake hajarsu iri ɗaya ce, kowace mashaya sai ta nemi abin da za ta fi ta kusa da ita. Wannan ta ba da barasa kyauta ga duk wanda ya tsaya, waccan ta ɗaura lilo a kan bishiya mai tsawo domin a faɗa ruwa, wata ta gina gangaren zamewa, wasu kuma suna sayar da kayan maye a fili. Babu mai auna zurfin ruwan da ake faɗawa, alhali kuwa da rani kogin yakan janye ya bar duwatsu dab da saman ruwa, da damina kuma ya cika ya yi ƙarfi. Mai mashaya yana kwashe ribar cinikinsa shi kaɗai, amma in aka yi haɗari, sunan garin baki ɗaya ne ke ɓaci. A irin wannan yanayi babu ɗan kasuwar da zai fara rage wa kansa ciniki don kare sunan da ba nasa shi kaɗai ba ne.

A shekarar 2011 asibitin garin ya ƙidaya mutuwar baƙi 27, galibinsu ta hanyar nutsewa ko faɗawa a kan dutse. A farkon 2012 wasu matasa 'yan Ostireliya suka sake rasa rayukansu, jaridun ƙasarsu da na Birtaniya suka yi ca a kan lamarin. Su ma mutanen garin, waɗanda akasarinsu mabiya addinin Buddha ne masu kunya a sutura da mu'amala, sun daɗe suna kokawa da yadda baƙi ke yawo kusan tsirara a kan titi, da yadda yaransu ke barin makaranta suna bin 'yan kuɗin da ake samu a bakin kogi. A watan Agusta na 2012, ana saura wata uku Vientiane ta karɓi baƙuncin taron ƙolin shugabannin ƙasashen Asiya da Turai da aka yi a watan Nuwamba, gwamnati ta aika jami'anta suka rufe mashaya fiye da 20 na bakin kogin, aka rushe lilo da gangarorin. Ba a rasa masu cewa kunyar manyan baƙi ce ta motsa hukuma fiye da yawan gawarwakin, kuma in aka dubi lokacin da aka ɗauki matakin, da wuya a ƙaryata su.

Ciniki ya faɗi warwas. Gidajen saukar baƙi da aka gina da bashi suka zauna babu kowa, rabon da ƙauyuka ke samu daga hayar tub ya ragu ƙwarai. Daga baya an sake barin 'yan mashaya kaɗan su buɗe bisa sharuɗɗa, amma waccan kasuwa ba ta dawo yadda take ba.

Abin da ya maye gurbinta ya fi ta faɗi. Masu harkar suka juya ga abin da ke akwai tun asali. Yau baƙo yana iya tuƙa ƙaramin kwale-kwale na roba a kan Nam Song sanye da rigar da ke hana nutsewa, ko ya hau matakala zuwa kogon Tham Chang da ke kallon garin, wanda mutanen yankin suka taɓa fakewa a cikinsa daga mahara a ƙarni na 19. A kogon Tham Nam kuwa, a kan tub ake shiga, mutum yana jan kansa da igiya cikin duhu da fitila ɗaure a goshi. A gindin kogon Tham Phu Kham akwai tafki mai shuɗin ruwa da ake iyo a cikinsa, wanda ya yi farin jinin da har aka buɗe wasu tafkunan ana ba su lamba ta 2 da ta 3 da sauransu. Akwai hawan duwatsu da igiya, akwai zamewa a kan wayar ƙarfe daga bishiya zuwa bishiya, akwai hawa ƙololuwar Nam Xay da Pha Ngern domin hangen kwarin daga sama. Da asuba da kuma yamma, manyan balan-balan masu ɗaukar mutane a cikin kwando sukan tashi bisa garin, tare da laima mai inji da ke ɗaukar fasinja ɗaya.

Wani abin da babu wanda ya tsara shi ya taimaka. A 2014 wani gidan talabijin na Koriya ta Kudu ya nuna shirin tafiye-tafiye da aka ɗauka a Laos, ciki har da Vang Vieng. Daga nan 'yan Koriya suka yi ta kwarara rukuni-rukuni, allunan shaguna suka fara ɗaukar rubutun Koriya, aka buɗe gidajen abincinsu. Waɗannan baƙi sun bambanta da matasan Turai masu goyon jaka da ke ƙirga kowane kwabo. Kwanakinsu a garin kaɗan ne, amma suna sauka a otal mai kyau, suna biyan kuɗin jagora, suna hayar ƙananan motoci marasa rufi da suke bin hanyoyin ƙauyuka da su, suna tayar da ƙurar da mazauna wurin ba su daina ƙorafi a kanta ba.

A nan ne lissafin ya sauya. Tub roba ce da kowane manomi zai iya mallaka. Balan-balan mai ɗaukar mutane kuwa daga waje ake sayo shi da kuɗin musaya, yana bukatar ƙwararren matuƙi da iskar gas da izinin hukuma. Haka otal mai hawa da yawa da tafkin wanka. Saboda haka kuɗin da kowane baƙo ke kashewa ya ƙaru, amma kaso mai tsoka yana tafiya ga masu babban jari daga Vientiane da ƙasashen waje, da kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke karɓar kuɗin tun baƙo bai bar ƙasarsa ba. Abin da ya rage wa ƙauyuka shi ne kuɗin shiga da suke karɓa a ƙofar koguna na dutse da tafkuna da gadoji, da albashin ma'aikata, da cinikin abinci.

Sai kuma batun hanya. A watan Disamba na 2020 aka buɗe tagwayen hanya mai tsawon kilomita kimanin 110 daga Vientiane zuwa Vang Vieng, wadda wani kamfanin lardin Yunnan na ƙasar Sin ya gina, yake kuma riƙe da kashi 95 cikin 100 na hannun jarinta. Tafiyar da a da takan ci sa'a 3 zuwa 4 ta koma ƙasa da sa'a 2. A ranar 3 ga Disamba, 2021, aka ƙaddamar da layin dogo na Laos da Sin, mai tsawon kilomita fiye da 400 daga Vientiane zuwa Boten a kan iyaka, wanda ya ci kimanin dala miliyan dubu 6, Sin na da kashi 70 cikin 100, Laos na da 30. Vang Vieng na da tasha a kan layin, kuma cikin kimanin sa'a guda jirgin ke isa can daga babban birnin. An buɗe ayyukan biyu ne a lokacin da annobar korona ta sa ƙasar ta rufe iyakokinta, don haka ba a ga tasirinsu sosai ba sai bayan da aka sake buɗe iyakokin gaba ɗaya a watan Mayu na 2022. Daga nan baƙi daga Tailan da Sin suka yawaita. A 2019 ƙasar ta karɓi baƙi kimanin miliyan 4.8, a 2024 kuma adadin ya sake haura miliyan 4.

Saurin hanya yana da fuska biyu ga mai masauki. Yana kawo mutane da yawa, amma wanda a da dole ya kwana saboda nisan tafiya, yanzu yana iya zuwa da safe ya hau kwale-kwale ya koma Vientiane da yamma, ko ya zarce Luang Prabang. Bugu da ƙari, bashin da ƙasar ta ci don manyan ayyuka, wanda wajen rabin na ƙetare na Sin ne, ya taimaka wajen karya darajar kuɗinta, wato kip. Dala ɗaya da ake canzawa a kan kip 9,000 da 'yan kai a 2020 ta haura kip 20,000 a 2023, hauhawar farashin kayayyaki kuma ta wuce kashi 40 cikin 100 a farkon wannan shekara. Ga baƙo mai dala, garin ya ƙara araha. Ga mai otal da ke sayen man fetur da kayan masarufi daga Tailan, da ma'aikacin da ake biya da kip, abin ya zama ƙunci, har matasa da dama suka tsallaka Tailan neman aiki, masu otal suka shiga neman ma'aikata.

Ana cikin wannan farfaɗowa, a watan Nuwamba na 2024, baƙi 6 suka mutu bayan sun sha barasar da ake zargin tana ɗauke da sinadarin metanol mai guba: 'yan mata biyu 'yan Ostireliya masu shekara 19, 'yan Denmak biyu, 'yar Birtaniya ɗaya da Ba'amurke ɗaya. An ruwaito cewa wasu daga cikinsu sun sha barasar da wani masauki ke ba baƙinsa kyauta, wato irin dabarar jan ciniki da aka sani tun zamanin mashayar bakin kogi. Hukumomi sun rufe masaukin, sun tsare wasu ma'aikatansa, sun kuma haramta sayar da wani samfurin barasa da ake yi a ƙasar. Gwamnatocin Ostireliya da Birtaniya da Amurka suka fitar da gargaɗi ga 'yan ƙasashensu masu niyyar zuwa Laos. Lamarin ya faru ne a farkon rani, daidai lokacin da masu kwale-kwale da masu balan-balan da ƙauyukan da ke karɓar kuɗin shiga ke sa ran cinikin da zai riƙe su har ƙarshen damina mai zuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke sayar da barasar.