Adamu Halilu da Fim ɗin Kanta na Kabi

An haifi Adamu Halilu a Garkida cikin ƙasar Adamawa a shekarar 1936. Ya koyi rubuta labarin fim da haɗa hotuna a Landan da Rum, sa'an nan ya yi aiki a sashen majigi na Gwamnatin Jihar Arewa. Aikin wannan sashe kuwa wayar da kan talakawa ne: a ɗauko mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a amfanin asibiti ko noman zamani. Fim ɗinsa Mama Learns a Lesson, na 1963, cikin wannan sahu yake.

Amma ba da majigi sunansa ya tsaya ba. A 1976 ya shirya Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Bayan wannan sai ya juya ga kwarin Rima, ya shirya Kanta of Kebbi a 1978.

Zaɓen wannan labari ba ƙaramin abu ba ne. Muhammadu Kanta shi ne ya yi wa Askiya Muhammadu na Sanwai tawaye wajen 1516, bayan sun saɓa kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa daular Kabi, ya zauna a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi, har masu jihadi suka ci birnin a 1805. Kabawa suka sake kafuwa a Argungu, suka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu kusan ƙarni guda. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. To, a 1978 Argungu da Birnin Kabi duk cikin Jihar Sakkwato suke, gama ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba sai 1991. Watau kakan tsofaffin abokan gāba ne aka ɗaukaka a allo.

Wahalar irin wannan fim tana ga tsara fage da sutura. Kanta ya riga kyamara da shekara fiye da ɗari uku, Surame kuwa kufai ce, sai ragowar ganuwar dutse. Dole mai tsarawa ya nemi kamannin zamanin daga bakin maroƙa da makaɗa, da kuma masu, da takubba, da layu, da tambura irin waɗanda aka adana a gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka buɗe wa jama'a a 1958. Rufin kwano ɗaya, ko agogo a hannun wani barde, ya isa ya rushe ƙarni na 16 baki ɗaya.

Halilu shi ne ya fara shugabantar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1979. Ya rasu a 2001. Abin takaici, Shaihu Umar kansa ya daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 Didi Cheeka ya gano shi a rumbun hukumar. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018, shekara 17 bayan rasuwar mai shi.