Harajin Kwanan Otal: Wa Ke Biya, Ina Kuɗin Ke Zuwa?

Yau zancen kuɗi za mu yi, wato harajin da ake ɗora wa baƙo idan ya kama ɗaki a otal.

A ce kuɗin ɗaki naira 20,000 ne, haraji kuma kashi 5 cikin 100. Baƙo zai biya 21,000, mai otal ya miƙa wa gwamnatin jiha dubu ɗayan. Ka ga shi ɗan aike ne kawai, aljihun baƙo ake taɓawa. Wannan kuma daban yake da harajin VAT na tarayya, mai kashi 7.5.

Legas ta kafa irin wannan doka a 2009, kashi 5 a kan ɗaki da abinci. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar otal hurumin jihohi ne. Ke nan Zamfara ma tana da ta cewa.

To, a ina gizo ke saƙa? Wajen kashe kuɗin. A jihar Texas ta Amurka, doka ta tilasta wa birane su kashe nasu harajin otal kan abin da zai jawo baƙi. Idan babu irin wannan sharaɗi, kuɗin ya faɗa babban asusu, shi ke nan, an shuka dusa.

Mu dawo gida. Su wa ke kwana a masaukan Ƙauran Namoda? 'Yan kasuwar da suka nufi Kasuwar Daji ko Shinkafi, direbobi, da iyayen ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Su ne baƙinmu. Kun tuna Satumbar 2021, da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya saboda tsaro? Ranar da kasuwa ba ta ci ba, ɗakin otal ma a kulle yake kwana.

Abin gani muna da shi: kabarin Namoda, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da layin dogo ya iso a 1929, ga dutsen Kwatarkwashi. Amma wa zai zo kallo yana fargabar hanyar Zurmi? Don haka idan za a karɓi kuɗin baƙo da sunan yawon buɗe ido, a fara da hanya, da fitilu a tasha, da ruwa da makewayi a kasuwa.

Duk ranar da aka kawo wannan magana majalisar jiha, ku tambayi ɗan majalisarku abu uku. An ware wa kuɗin asusu na musamman? Kashi nawa zai dawo ƙaramar hukumar da aka tara shi? Za a riƙa wallafa lissafin kowace shekara?

Masu masauki da ke saurarenmu, ku faɗa mana yadda abin yake a wajenku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.