Jiragen Saliyo da Suka Tsira Cikin Loko

Yawancin mutanenmu da ke zaune a Ikko da Ibadan sun san jirgin ƙasa tun ba yau ba, gama shi ne ya sauke iyayen wasu a tashar Iddo da tabarma da buta. Faɗin wannan dogo namu ƙafa 3 ne da inci 6. To, akwai wanda bai kai shi ba, watau na ƙasar Saliyo, mai ƙafa 2 da inci 6. Yau ba ya aiki, amma jiragensa na nan an adana su a unguwar Cline Town ta birnin Firitawun, cikin lokon da a dā ake gyaransu.

Turawan Ingila suka fara shimfiɗa dogon a 1896. Ya kai Bo a 1903, sa'an nan ya dangana da Pendembu, wajen mil 227 daga Firitawun, aka kuma ja reshe zuwa Makeni. Sun zaɓi siririn dogo ne don ya fi araha, ya kuma fi sauƙin lanƙwasawa cikin tuddai. Amma arahar nan ita ta zame masa illa, domin jirgin ba shi da gudu, ba ya kuma ɗaukar kaya da yawa. Da motoci suka yawaita sai ya shiga faɗuwa. A zamanin Siaka Stevens aka riƙa rufe shi kashi-kashi, har jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi a 1974. Aka ciccire ƙarafan aka sayar.

Abin mamaki shi ne yadda wasu kawunan jirgi da taragai suka kuɓuta daga hannun 'yan gwangwan. An tura su cikin loko aka ja ƙofa, da niyyar wata rana a yi gidan tarihi, daga nan aka manta da su har kusan shekara talatin. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1991, dubban mutanen da suka gudu daga garuruwansu suka fake a wannan wuri, suna kwana suna girki a tsakanin jiragen. Taragai sun sha wuya ƙwarai, amma wa zai ga laifin wanda ya tsere da ransa?

Bayan yaƙin ya ƙare a 2002, wani hafsan sojan Ingila da aka aiko horad da sojan Saliyo, Kanar Steve Davies, ya ci karo da su a 2004. Ya tara ma'aikata 'yan ƙasa aka kankare tsatsa, aka yi fenti, aka buɗe gidan a 2005, zamanin Shugaba Ahmad Tejan Kabbah.

Mai ziyara zai ga wani ɗan ƙaramin kan jirgi da ake kira Nellie, ƙirar 1915, wanda aikinsa jera taragai a cikin yadi. Zai ga ƙaton nan samfurin Garratt da aka ƙera a Manchesta, mai tukunyar tururi a tsakiya da inji gaba da baya, dabarar da ta sa jirgi mai ƙarfi ya iya bin kwana a kan siririn dogo. Akwai taragon Gwamna, da kuma wanda aka shirya wa Sarauniya Elizabeth don ziyararta ta 1961, wanda ba ta ko shiga ba. Wani kan jirgin, mai lamba 85, shi can ƙasar Wales ya ƙare, gama masu wani ƙaramin dogo a Welshpool sun saye shi da taragai a 1975.

Dattawan Zariya da Jos ba za su ji wannan labari baƙo ba. Mu ma mun taɓa yin dogo mai wannan faɗi daidai, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tudu har Bukuru saboda kwasar kuza. An gama shi a 1914, aka rufe a 1957, bayan babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan ya ƙwace masa ciniki. Abin da ya rage na jiragensa yana harabar gidan tarihi na Jos. Na Saliyo dai sun fi su sa'a, tun da rufin da aka gina don gyaransu shi ke kare su daga ruwa da rana har yanzu.